Ranar Da Kaka Hansatu Ta Je Kallon Wasa

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan kashin na daɗe ina kewaye shi, in rubuta in goge. Yau dai na ce bari in faɗa in huta. Kar ku gyara zama da niyyar tausaya min, domin mai laifin labarin nan ni ce.

Sunana Nuriyya, a Ambassatna aka haife ni, cikin N'Djamena. Hausawa ne mu, amma ba irin waɗanda suka zo kasuwanci jiya-jiya ba. Kakata Hansatu ta baro wani ƙauye a ƙasar Katsina tana amarya, ita da mijinta Malam Yunusu, a ƙafa, za su Makka. Da suka iso nan, lokacin ana ce wa garin Fort Lamy, cikinta ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura. Malam ya damƙa ta a hannun wasu Hausawa, ya ce ta haihu ta huta, zai je ya sauke farali ya biyo ya ɗauke ta. Ta haifi mahaifina, Ilyasu. Malam bai dawo ba.

Malamai sun sha gaya mata aure ya halatta gare ta, ta toshe kunne. Da ƙosai da kunu ta raini Baba. Duk shekara idan alhazai suka sauka, sai ta naɗa laffayarta ta bi su gida-gida da barka da zuwa, kuma kafin ta tashi sai ta jefa tambayarta: "Ko kun ga wani dattijo dogo, Bakatsine, mai ɗan ɗingishi a ƙafar hagu?" Masu tausayi sukan ce sun hango mai kama da shi a Madina. Wannan kalmar kaɗai takan riƙe Kaka shekara guda cur. Ba Bahaushen da ke Ambassatna da bai san tambayar nan ba.

Ni kuwa 'yar lekol ce, wato makarantar bokon nan ƙasar, Faransanci aka koya mana, a titi kuma Larabci. Karatun Hausa na boko da kaina na tsince shi, a littattafan soyayyar da 'yan kasuwa ke cusowa cikin kwalayen kaya daga Kano. Bayan la'asar nakan zauna a tabarmar Kaka in karanta mata, tana gyaran wake tana sa baki. "Ita wannan yarinyar ba ta da aikin yi sai kuka? Wa ke mata wanke-wanke?" In mun zo inda saurayi ya kira budurwa hasken idonsa, sai ta kwashe da dariya har da tari.

Karatun nan ne ya ja min. A shekarar 1997, ina da shekara goma sha huɗu, wani fatake mai goro ya kawo wa Baba wasiƙa daga Najeriya. Baba ajami ya iya da Larabci, boko kuwa sai dai ya kalla. Ya kira ni ɗakinsa ya tura ƙofa. Wani ɗan ƙanin Malam Yunusu ne ya rubuto. Ya ce Allah ya yi wa Malam rasuwa a ƙauyensu. Ya ce tun shekarar da ya tafi, Malam bai wuce garin Abeche da ke gabas da nan ba, ciwo ya kama shi, tsoro ya shige shi, kunyar komawa wurin matarsa ba Hajji ta sa ya zagaye ta wata hanya ya koma gida. Ya yi aure, ya bar 'ya'ya shida. Da zai cika ya ce ya taɓa barin ciki a Fort Lamy, in an haifa kuma yana raye, yana da rabo a gonar bakin rafi. Iyakar abin da ke ciki ke nan, sai gaisuwa. Ko sunan Kaka babu.

Baba ya karɓi takardar ya mayar cikin ambulan. Sannan ya ce, "Nuriyya, abin da kika karanta ya mutu a ɗakin nan. In tsohuwar nan ta ji, ba za ta kai baɗi ba. Kin yi min alkawari?"

Na ce na yi. Shekara takwas na riƙe, ina raka Kaka gidajen alhazai, ina riƙe mata takalmi a bakin ƙofa, tana tambayar mutumin da na san inda kabarinsa yake.

Sai Abdulmutallib ya shigo rayuwata.

Bazazzagi ne, ya biyo yayansa N'Djamena, ya buɗe 'yar rumfa a kasuwar Dembé yana ba da hayar littattafai da kaset. Siriri, mai tabarau, kullum biro a bayan kunne. Larabcinsa abin dariya ne, har 'yan mata na zuwa rumfar don kawai su ji ya ce "afe", wato "lafiya" da Larabcin nan. Yana kuma da ƙungiyar samari da 'yan mata da ke wasan kwaikwayo lokacin Sallah. Ni ce babbar mai hayarsa, kuma ni ce babbar mai kushe kayansa.

Wata rana na dire masa littafi mai kashi uku a kan tebur ina tsaki.

"Yau kuma me ya yi miki, Malama?"

"Ƙarya ta yi yawa. Kowace yarinya fara ce mai gashi har gadon baya, kowane gida da maigadi. Kano, Kaduna, Abuja, shi ke nan duniyar? Ba mai cin kisar, wainar nan tamu mai faɗi, ba mai shiga kar ta haya ya yi awa guda kafin ya kai unguwar Gassi. Kuma duk mugun da ke ciki sai ya tuba kafin shafin ƙarshe. A ina ka taɓa ganin haka?"

"To ki koma wa na Faransancinku mana."

"Waɗanda manya ke rubuta tarihin rayuwarsu? Mun sha su a lise, sakandarenmu. Shafi ɗari uku mutum bai yi kuskure ko ɗaya ba, kullum wasu ne suka cuce shi."

Ya zare tabarau yana murmushi. "Wannan ƙarya, wancan ƙarya. To ina gaskiyar take? Kawo ta mu gani."

Jama'a, ba tilasta min ya yi ba. Ba ranar ba ma, sai bayan wata biyu, lokacin da ya fara zuwa zance gidanmu. So nake in burge shi, in nuna masa mu ma 'yan Ambassatna muna da labarin da ya fi na littattafansa. Muna zaune a benci a zaure, Kaka na ciki ina jin tarinta, na kwashe komai na gaya masa. Ina maganar ina jin daɗin yadda idonsa ya cika da ƙwalla. Wannan jin daɗin har yau in na tuna shi sai in ji na tsani kaina.

Bayan sati uku ya kawo min littafin rubutu mai bango shuɗi. Ya mayar da labarin wasa.

"Na canza sunaye," in ji shi. "Ita Ruƙayyatu, shi Malam Dauda. Na mayar da su Kanawa. Ba mai ganewa."

Shi a ganinsa ya gama rufa asiri, don a Zariya in ka canza suna ka ɓace cikin dubban mutane. Bai san mu nan ɗan tsirari ba ne, in akuyar wani ta yi tari sai an zo jaje. Amma ni ai na sani. Maimakon in yaga littafin, sai na ɗauki jan biro na zauna gyara. Na ce tsohuwa ba ta magana haka, ga yadda take tambayar alhazai. Na rubuta masa tambayar Kaka kalma da kalma, har da ɗingishin ƙafar hagu. Da na zo wurin wasiƙa na tarar ya bar ta a bushe kamar yadda na gaya masa, gona da gaisuwa. Sai na ji ba zan iya ba. Na ce mutane za su tashi da ɗaci a baki. Ni da na gama zagin marubuta a kan mugun da ke tuba a shafin ƙarshe, da hannuna na ƙara layi: "Ku gaya wa matata Ruƙayyatu ta yafe mini, ban yi kwana ɗaya ban tuna da ita ba."

Ya karanta ya ce, "Wallahi ke ce marubuciyar, ni mai riƙe miki biro ne." Kaina ya fasu. Na ce a raina ai Baba ba ya zuwa kallon wasa, Kaka kuwa ban da gidan alhazai da gidan rasuwa ba ta taka ko'ina.

A gida kuma ana ta ja-in-ja a kaina. Baba bai so Abdulmutallib ba. Ya ce baƙo ne, ba a san asalinsa ba, kuma namijin da ke shafa gari a ka ya yi tsoho a gaban jama'a ba shi da maraba da ɗan kama. Ummata, Rahmatu, kullum tana min lissafin ƙawayena da suka yi aure, shekarata ashirin da biyu, ƙanwata ma an fara tambaya. Wadda ta tsaya min ita ce Kaka. Abdulmutallib yakan kawo mata goro da daddawar gida, ya durƙusa ya gaishe ta da Hausar da ta ce rabonta da jin irinta tun tana yarinya. "Angona" take kiransa. Ita ta aika aka gaya wa Baba, don ba ta kama sunansa kasancewarsa ɗan fari, cewa in bai ba yaron nan 'yarsa ba, ita za ta aure shi. Baba ya yi dariya ya sauko. Aka sa ranar Juma'ar bayan ƙaramar Sallah, 'yan'uwansa su zo neman aure.

Ranar uku ga Sallah aka sa wasan, bayan la'asar, a farfajiyar wata makaranta. Na yi wanka, na sa atamfata mai ruwan ganye, na ɗora laffaya ruwan madara, na sha humra. Ina fitowa tsakar gida na yi turus. Kaka ce zaune a kan kujera 'yar tsugunno, ta naɗe cikin farar laffayarta ta zuwa gidan alhazai, ta zizara kwalli, carbi a hannu.

"Kaka, ina zuwa haka?"

"Kallon angona. Ke kaɗai za ki je ki ƙwace min shi?"

Na ce, "Kaka rana ake yi, ga cunkoso, ga ƙura. Ƙafarki fa?"

"Ƙafar da ta zo daga Katsina ce za ta kasa zuwa bayan kasuwa? Kalas, na gama magana."

Umma ta leƙo daga madafi tana dariya. "Ki tafi da ita mana, ya binayya, 'yata. Shekara nawa ba ta ga abin nishaɗi ba? Ga kuɗin tasi."

Na koma ɗaki da gudu na ɗauko 'yar Nokiyata, na rubuta wa Abdulmutallib: "Kaka za ta zo. Don Allah ka cire wurin wasiƙa."

Shiru. Na yi masa bip sau uku, in kira in katse. Sai amsa ta shigo: "Wasiƙar ce wasan ai. In na cire me ya rage? An riga an cika. Ki kwantar da hankalinki, sunaye daban ne."

Na rubuta: "Ba ka san mutanen nan ba. Ka fasa."

Ya ce: "Ki zaunar da ita can baya, ba za ta ji sosai ba."

Kiredin wayata ya ƙare a nan. Da ina da hankali da na ce cikina ke ciwo, da na faɗi ƙasa na yi ta birgima, da na je na durƙusa gaban Baba na faɗa masa ya hana ta fita. Duk na tuna waɗannan dabarun, amma sai a cikin tasi, Kaka na gefena tana nuna min inda a da daji ne.

Can baya kuma ina! Muna shiga matan unguwa suka hango ta. "Lale Kaka! Yau har da ke? A ba Kaka wuri!" Suka ja ta har tabarmar gaba, aka miƙo mata karkanji, wato zoɓo, mai sanyi a kofi. Na zauna kusa da ita kamar wadda aka kawo gaban alƙali.

An fara da dariya. Abdulmutallib ne Malam Dauda, da sanda da buta, yana ɗingisawa. Wata Zaliha ce amaryar, an cusa mata tsumma a ciki, tana tafe tana mitar ƙaya. Kaka ta yi ta ƙyaƙyatawa tana zungurina. "Wallahi haka hanyar take! Wa ya gaya masa?" Da ya damƙa amaryar a hannun mutane ya ce zai dawo, dariyarta ta ragu. Da Zaliha ta sake fitowa da gari a ka, ta naɗe cikin farar laffaya, ta durƙusa gaban wani alhaji ta ce, "Ko kun ga wani dattijo dogo, mai ɗan ɗingishi a ƙafar hagu?", wurin ya yi tsit. Na ji kawunan mata na juyowa ɗaya bayan ɗaya. Wata a bayana ta ce a hankali, "La ilaha illallahu, ai Hansatu ce."

Kaka ta ajiye kofin. Ba ta kalli kowa ba.

Sai aka zo wurin. Uba ya kira 'yarsa mai karatun littattafai, ya tura ƙofa, ya miƙa mata takarda. Yarinyar ta karanta da ƙarfi, yadda na can baya ma za su ji: bai wuce Abeche ba, ya zagaye ya koma gida, ya yi aure, 'ya'ya shida, gonar bakin rafi. Sannan layina. Ta karanta shi, mata suka fara sheshsheƙa. Na ga Abdulmutallib ta gefen labule yana leƙen jama'a, fuskarsa cike da murna, wasansa ya ci.

Kaka ta dafa gwiwata ta miƙe. "Tashi mu tafi, magariba ta kusa."

Mutane suka dare mana hanya. A tasi ko carbin ma ba ta ja ba. Wayata na ta kuka a jaka, na san shi ne, ban taɓa ta ba.

Mun tarar da Baba a tsakar gida yana alwala. Kaka ta wuce shi ta zauna a tabarmarta ba ta ko warware laffaya ba. Ta ce, "Nuriyya, ce wa ubanki ya kawo min takardata."

Butar ta tsaya a hannun Baba. "Wace takarda, Inna?"

"Wadda aka aiko daga gida. Wadda 'yarka ta karanta maka kun tura ƙofa. Duk Ambassatna ta ji abin da ke ciki yau, ni ce ta ƙarshe. Kawo min abata."

Baba ya juyo ya kalle ni. Da mari ya yi min da ya fi min sauƙi. Umma ta fito da ludayi a hannu tana tambayar lafiya, ba wanda ya kula ta. Ya shiga ɗaki, ya daɗe, ya fito da ambulan da ta yi ja don tsufa. Da zai wuce ta gabana ya rage murya ya ce, "Ki gaya wa yaron nan kar 'yan'uwansa su wahalar da kansu ranar Juma'a." Ban ma ji zafin maganar ba a lokacin, sai daga baya.

Kaka ta karɓi takardar da hannu biyu, ta warware ta a cinyarta. A juye ta riƙe ta. Na gyara mata.

"Ashe yamma ya yi," ta ce, kamar da kanta take. "Ni ina ta kallon gabas." Ba kuka, ba salati. Ni ce ke kukan, ina cewa ta yafe min, ita kuwa kamar ba ta ji na.

Can ta ɗago. "Ba na tambayarki 'ya'yansa, ba na tambayarki gona. Abu ɗaya nake so. Wannan da yarinyar ta karanta a ƙarshe, da ya ce a gaya wa matarsa ta yafe masa, bai kwana bai tuna ta ba. Yana ciki?"

Jama'a, Baba na tsaye a kanmu. Bai iya boko ba, amma a gabansa na karanta takardar nan shekara takwas da suka wuce, ya san abin da ke ciki da abin da babu. Na ɗaga ido ina roƙonsa ya ce wani abu, ko ya hana ni ko ya ba ni izini. Ya juya fuskarsa bango.

Na ce, "Yana ciki, Kaka."

"Da sunana?"

"Da sunanki."

Ta miƙo min yatsanta manuni, wanda man ƙosai ya ƙone tun kafin a haife ni. "Ɗora min a wurin."

Na kama yatsan. Takardar layi goma sha ɗaya ce, na haddace su duka. Na sauke shi a layi na tara, inda aka rubuta cewa gonar bakin rafi ta yi iyaka da ta Sarkin Pawa.

"Nan ne?"

"Nan ne."

Ta shafa wurin a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan. Sai a lokacin hawaye suka zubo mata, suka wanke kwallin. "Na yafe maka, Malam," ta ce. "Ai da ka dawo. Wa ya ce maka Hajjin nake jira?"

Ladan ya fara kiran magariba, ba wanda ya motsa. Kaka ta goge ido da gefen laffaya, ta danne layin da yatsanta kada ya ɓace mata.

"Karanta min, Nuriyya. A hankali, yadda zan ji sunan."

Na sunkuyar da kai a kan maganar gona, na karanta mata.